Majuyi, ɗan rawa ko bindigar liƙi: wane abin banza ne ya cancanci kuɗinka?

A ƙasan teburina akwai wata durowa da uwargida ta raɗa wa suna maƙabarta. A ciki akwai fankar wuya da ta mutu ɓari guda, da majuyin yatsa (fidget spinner) biyu da suka daina juyi, da 'yar fitila mai haska jan ɗigo, da wani gilashi da aka ce zai mai da fuskar waya kamar talabijin. Duk da kuɗina na saye su, ba wanda ya matsa mini. Wasu a kasuwar Sabon Garin Zariya, wasu a hannun masu baro a PZ, biyu kuma ta intanet, sayen kifi a ruwa. Don haka da ƙanina ya kira ni ran nan ya ce, "Yaya, ina son in riƙo wa yara wani abu na sallah, ni ma in samu ɗan abin ajiyewa a shago, amma na rasa wanne zan ɗauka," sai na ce ya zo inda ya dace. Abin da na faɗa masa ne na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke tsayawa gaban baro yana jujjuya abu biyu a hannu ba.

Me ya sa ma muke saye?

Kada ka ji kunya, cutar ta duniya ce. A 1975 wani mai tsara tallace-tallace a Amurka, Gary Dahl, ya sa duwatsun bakin teku a kwali, ya huhhuda kwalin wai don dutsen ya sha iska, ya haɗa da ɗan littafin koya wa dutse zama da kwanciya, ya yi wa kowane kuɗi dala 3.95. Ya sayar da fiye da miliyan ɗaya kafin yayin ya wuce cikin 'yan watanni. Duk sanda na hango Dutsen Kufena sai in tuna da shi, in ce ga dukiya a jibge muna kallo.

Mutanen Japan kuwa har suna suka ba abin, chindogu. Kenji Kawakami ne ya fito da shi a shekarun 1980, ya kuma gindaya masa sharuɗɗa: dole a ƙera abin a zahiri, dole ya yi kamar zai magance wata matsala amma wahalar aiki da shi ta fi matsalar, kuma ba a sayarwa, ba a yi masa rajistar mallaka. Akwai 'yar fanka da ake maƙala wa tsinken cin taliya don ta huce loma, akwai takalman goge ƙasa da ake sa wa kyanwa. Sandar ɗaukar hoton kai ma tana cikin littafinsa na 1995 a jerin shirme, sai ga shi bayan kusan shekara 20 ba bikin da ba a ɗaga ta.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Wanda ya taso a Tudun Wada ko cikin birni ya san katantanwa, ya san motar kara da ta gwangwani. Ba wadda ta taɓa kai kowa ko'ina. Abin da ake nema shi ne 'yar dariya, da abin da za a taru a kai a majalisa, da daɗin ganin ƙaramin abu yana motsi don ka taɓa shi. Ban ga laifi a nan ba, in dai ka san abin da ka saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar tana ga rariyar da aka sayar maka da sunan ƙwarya. Zan zo kanta.

Ma'aunai biyar

Na farko kuɗi. Ba zan rubuta farashi da naira ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara, kuma kusan duk kayan nan daga ƙasar Sin ake shigo da su, farashin da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin ka karanta. Da mudun shinkafa zan auna: abin da bai kai mudu ɗaya ba araha ne, mudu biyu zuwa huɗu matsakaici, abin da ya haura haka tsada. A kuma sa kuɗin batir a lissafi, don akwai abin da a wata biyu zai ci batirin da ya fi kuɗinsa.

Na biyu ƙarko. Maƙiyan kayan nan a Zariya uku ne: ƙurar hunturu, zafin Maris da Afrilu, da hannun yara. Na uku sauƙi, wato me abin yake ci, batir ne ko caji, kuma in an yi kwana biyu ba wuta zai tashi?

Na huɗu haɗari, kuma a nan zan ɗan tsaya. Duk abin wasan da ke walƙiya amma ya yi ƙanƙanta da ɗaukar batirin agogon bango, to batiri mai kama da maɓalli ne a cikinsa. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, cikin awa biyu zai iya ƙona naman wurin. Ba a sa yaron amai, ba a jiran gobe. Asibiti kai tsaye, Shika ko mafi kusa. In yaron ya haura shekara ɗaya, shawarar likitoci ita ce a riƙa ba shi zuma cokali biyu na shayi duk minti 10 a kan hanya, kada a wuce sau shida. Kafin ka biya, juya abin ka duba murfin batir: in ba sukuru ya riƙe shi ba, ajiye musu kayansu.

Na biyar shi ne wanda na ƙirƙira da kaina, kwanan dariya: kwana nawa abin zai yi kafin a daina waiwayarsa?

Majuyin yatsa da Pop It

Majuyi ya yi tashe a 2017, har makarantu da dama a Amurka da Ingila suka hana shiga aji da shi. Katantanwa ce dai ta masana'anta: fukafukai uku, boris a tsakiya. Duk ransa yana cikin boris ɗin nan, shi kuwa boris ba abin da ya tsana irin ƙura. Nawa da na saya ana gab da hunturu yana doguwar juyawa shiru, kafin a fita sanyi ya koma ƙara kamar tsohon keke. Ana iya ciro boris ɗin a wanke da sifirit a bar shi ya bushe, amma kada a ɗiga masa man keke. Man ne ke riƙe ƙurar. Na ƙarfe ya fi na roba daɗewa, sai dai in ya kuɓuce ya sami goshin ƙaramin yaro za a ji kuka. Mai walƙiya kuma ka riga ka ji abin da ke cikinsa.

Pop It, faifan robar nan mai laushi da ake danna ƙurajensa su yi ɓus, ya bazu ne ta TikTok a 2020 da 2021. A duk kayan da zan lissafa ba wanda ya kai shi lafiya: ba batir, ba inji, in ya yi dauɗa a wanke da sabulu. In aka taka shi ba ya fashewa. Aibinsa biyu: na arahar can ƙasa yana warin roba kuma yana yagewa, wanda bai dace da mai fitar haƙori ba, sannan babba yakan gaji da shi a yini ɗaya. Yara kuwa sukan mai da shi wasan biyu-biyu, wanda ya danna na ƙarshe ya faɗi, kuma wannan kan ja masa kwana.

Ɗan rawa mai kwaikwayon murya

Shi ne koren ɗan tsanan nan mai hannu biyu a ɗage, a dashe cikin 'yar tukunya, yana lanƙwasa yana waƙa, kuma duk abin da ka faɗa sai ya maimaita da siririyar murya. A gidana aku ake kiransa. Kuɗinsa matsakaici. Akwai mai cin batirin agogon bango uku, akwai mai caji. Ɗauki mai caji, don na farkon ba ya ƙoshi.

A kwanan dariya ba na biyunsa a makon farko. Jariri mai koyon zama zai yi ta gwaranci yana jin ana mayar masa, kaka ma sai ta zo ta gwada. Amma ga abin da mai baro ba zai faɗa maka ba. Cikinsa sandar ƙarfe ce lanƙwasassa da ɗan inji ke juyawa, yara kuwa abin da suka fi so shi ne su cafke shi yana cikin rawa. Daga nan haƙoran injin ke cinyewa, sai ya koma waƙa ba rawa. Jikinsa na yadi ne, yana shan ƙura da yawu, kuma ba ya wankuwa.

Sai waƙoƙin. Kwalin yakan yi alfahari da yawansu, amma ba wanda ya san abin da suke faɗa. A 2021 wata kaka a Kanada, mai jin yaren Folan, ta gano cewa wanda ta saya wa jikarta yana rera waƙar hodar iblis da zagi, har kantin Walmart ya cire shi daga shafinsa na intanet. Zauna ka saurare su kafin ka miƙa, ko ka bar shi a kan maimaita magana kawai.

Maimaita maganar ma tana da nata. Wata Juma'a surukina ya zo, an manta ba a kashe aku ba. Baba ya yi sallama a bakin falo, kafin wani ya amsa sai ga "salamu alaikum" daga ƙarƙashin kujera da muryar ɓera. Ya yi gyaran murya, aku ya yi gyaran murya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ya sa dattijon mai raha ne, ya ce, "Malam, wannan almajirin naka a ƙara masa karatu, sallama amsawa ake yi."

Fankar wuya

Wannan tana tsakani, ba banza ce zalla ba, ba kuma mai amfani ce sosai ba. Na saye ta ne a azumin da ya faɗo cikin Maris, ina ganin na gama da zafi. Tana da tsada, tana cin caji, kuma awannin da aka rubuta a kwali na ƙaramin gudu ne. In ka ƙure ta, kafin a yi la'asar ta yi shiru.

Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa. In zafin gari ya haura na fatar jiki, wajen digiri 35, abin da Zariya ke wucewa da tsakar rana a bazara, to iskar da take hura maka mai ɗumi ce, kuma in ba ka jiƙe da gumi ko ruwa ba, ba abin da za ka ji sai huci. A kan acaɓa iskar hanya ta fi tata. A masallaci ƙararta na damun na kusa. Uwargida ta gwada ta ƙarƙashin hijabi ta ce yadin kawai take tsotsa. Inda na ga ranarta shi ne kicin da layin banki. Mai buɗaɗɗun fukafukai tana kama gashi da gemu, don haka rufaffiyar ta fi. Batirinta irin na waya ne: kada a bar ta a mota cikin rana, in ta kumbura kuma a rabu da ita.

Hula mai 'yar fanka da faifan sola a goshi 'yar'uwarta ce, sai dai ba ta aiki sai ka tsaya cikin ranar da kake gudu. Maficin kaba dai bai taɓa neman caji ba.

Bindigar liƙi

Ga wadda ta fi kowa ƙayatarwa a bidiyo, ta kuma fi kowa jawo magana. Cikinta 'yar taya ce ta roba da ke turo takarda ɗaya bayan ɗaya, da batirin agogon bango. Kuɗinta daga matsakaici zuwa tsada, amma kuɗin saye shi ne ƙarami: ba ta cin tsohon kuɗi. Takarda mai laushi ko mai naɗi cushewa take yi, 'yan hamsin da ashirin na leda kuma manne wa juna suke. Dole sai sababbi fil, waɗanda ake saye da ƙari a bakin wurin biki. Abin da za ka yi minti goma kana liƙawa da hannu, ita a numfashi biyu ta watsar, ka tsaya a fili da fanko mawaƙi bai ma kai ga sunan kakanka ba.

Sannan ga doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, da taka ta, da sayar da ita. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An daɗe ana ganin dokar a takarda kawai, amma a Afrilun 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sanannen ɗan soshiyal midiya wata shida a kanta, bayan EFCC ta gurfanar da shi, kuma bidiyo ne ya zama shaida. Bindigar liƙi kuwa don a ɗauke ta a bidiyo aka yi ta. In har sai ka riƙe ta, cika ta da katin da masu biki suka buga, wanda bai yi kama da naira ba, a ba amarya kuɗinta a ambulan.

Fitilar lesa

Ƙaramar, mai jan ɗigo da ake rataya wa makulli, araha ce; koriyar mai kaurin alƙalami da haskenta ke miƙewa sama da dare ta kai matsakaici. Ba ta saurin lalacewa, kuma malamin da ke nuna allo a Samaru ko Kongo yana da hujjar riƙe ta. Ga yaro kuwa, a'a. Hasken yana taruwa ne a ɗigo ɗaya a bangon ido na ciki, kuma mai ƙarfi kan bar tabon da ba ya warkewa, ba tare da an ji zafi ba a lokacin. Ƙa'idar Amurka ita ce kada ƙarfin fitilar nuni ya wuce miliwat 5, amma rubutun jikinta ba abin dogaro ba ne: da hukumar ma'aunai ta Amurka ta gwada guda 122 a 2013, kusan tara cikin goma na korayen sun saɓa ƙa'ida.

Mu a Zariya muna da ƙarin dalili. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana garin nan tun 1964, ƙananan jiragenta kuma ƙasa-ƙasa suke shawagi, ɗalibai ne a ciki. Yaro da koriyar fitila a hannu, abu na farko da zai nema a sama shi ne jirgi.

Akwatin da ke kashe kansa

Wannan ne nake so, kuma ba zan ɓoye son kaina ba. Akwati ne da makunni ɗaya a sama. Ka kunna, murfi ya ɗaga, ɗan yatsa ya leƙo ya kashe makunnin, ya koma ciki, murfi ya rufe. Shi ke nan aikinsa. Masanin kwamfuta Marvin Minsky ne ya yi tunaninsa a 1952 yana cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Claude Shannon, wanda lissafinsa ke ƙarƙashin duk saƙon da wayarka ke aikawa, ya ƙera shi ya ajiye a teburinsa. Marubuci Arthur C. Clarke da ya gan shi cewa ya yi abin har tsoro yake ba shi. Ka ga ke nan manyan masana ma suna da tasu maƙabartar.

Da wuya ka same shi a baro. Sai ta intanet, kuma da kuɗin kawowa ya shiga sahun tsada. Amma ana iya haɗa shi a gida, kuma a nan daɗin yake. Ana buƙatar ɗan akwatin katako, da ƙaramin inji mai giya irin na motar wasan yara, da makunni mai ƙafa shida, da wani ƙaramin makunni mai harshe, da batirin agogon bango biyu. Dabarar ita ce makunnin sama yana juya hanyar wuta: in ka kunna, inji ya tura yatsa gaba, yatsa ya mai da makunni, wuta ta juya, inji ya koma baya har yatsan ya danne ƙaramin makunnin ya yanke wuta. Duk mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai gane zanen in ka nuna masa, kafinta kuma ya yanka maka yatsan.

Batir ba ya ƙarewa da wuri, don inji daƙiƙa biyu yake aiki. In ya lalace ana gyarawa, abin da ba za a ce da sauran ba. Kwanan dariyarsa kuwa ba ya ƙarewa, saboda ba kai kake dariyar ba, baƙo ne. Duk wanda ya shigo sai ya kunna, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsaya a sau ɗaya ba.

Rariyar da ake kira ƙwarya

Waɗannan ban sa su a tebur ba, don ba su cancanci kwatance ba.

Akwai 'yar na'urar da ake soka wa soket wai tana korar sauro da ƙarar da kunne ba ya ji. Masu bitar binciken lafiya na Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 10 da aka yi a fili, suka fitar da sakamako a 2007: ba ta rage cizon sauro ko kaɗan. Wanda ya dogara da ita ya naɗe gidan sauronsa a damina, zazzaɓi ya saya wa 'ya'yansa.

Akwai akwatin rage kuɗin wuta, wanda kasuwarsa ta buɗe tun da aka kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka fi ba wuta, a Afrilun 2024. Na buɗe ɗaya: kafasito ne irin na fanka da 'yar koriyar fitila. Mitar gida wutar da kayanka suka ci take ƙirgawa, kafasito ba ya rage wannan. Fitilar ma ɗan ƙari ce. Haka sitikar da ake manna wa waya wai tana tare illar tururinta, haka abin hannun roba mai ƙyalli wai yana ƙara ƙarfi. Kamfanin Power Balance da ya yi suna da irinsa, hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta sa shi a 2010 ya amsa cewa ba shi da hujjar kimiyya, ya kuma mayar da kuɗi.

Gilashin ƙara girman fuskar waya bai kai waɗannan laifi ba, amma shi ma alkawari ya yi bai cika ba: hoton yana girma, yana kuma dusashewa, sai ka zauna daidai saitinsa, mutum biyu ba sa kallo tare.

A taƙaice cikin tebur

| Abu | Kuɗi | Ƙarko | Abin da yake ci | Haɗari | Kwanan dariya |
|---|---|---|---|---|---|
| Majuyin yatsa | Araha | Hunturu ɗaya | Ba komai | Kaɗan, ban da mai walƙiya | Mako ɗaya zuwa biyu |
| Pop It | Araha | Yana daɗewa | Ba komai | Kaɗan ƙwarai | Yara: makonni, babba: yini |
| Ɗan rawa | Matsakaici | Rauni a hannun yara | Batir uku ko caji | Waƙoƙi, da jin kunya | Mako guda mai zafi |
| Fankar wuya | Tsada | Bazara ɗaya ko biyu | Caji kullum | Gashi, kumburin batir | Ba ta ban dariya |
| Bindigar liƙi | Matsakaici zuwa tsada | Tana cushewa | Batir da sababbin kuɗi | Kotu | Daƙiƙoƙi |
| Fitilar lesa | Araha zuwa matsakaici | Tana daɗewa | Ƙananan batura ko caji | Ido, jirgi | Dare biyu |
| Akwati mai kashe kansa | Tsada a saya, matsakaici a haɗa | Ana gyarawa | Batir biyu, a hankali | Kusan babu | Duk zuwan baƙo |

Kwanakin dariyar nan daga gidana na auna su, da yara huɗu; naka gidan zai iya bambanta.

To, wanne ga wa?

In yara ne da yawa kuma kuɗin goron sallah kaɗan ne, Pop It, kowa da nasa, launi daban-daban don kada a yi faɗa. 'Yan shekara bakwai zuwa sama za a iya ba su majuyi marar fitila.

In jariri ne ɗaya a gida kuma akwai babba a kusa kullum, ɗan rawa mai caji, a ɗora shi inda hannu ba ya kaiwa, a kashe in an ji sallama.

In don uwargida ce mai tsayuwa a kicin, ko kai mai yini a shagon da ba taga, fankar wuya rufaffiya za ta ɗan taimaka. Amma in kuɗinka ya kusa kai na ƙaramar fankar tebur mai caji, ƙara ka sayi waccan.

In abokin ango ne kai kana neman a san ka zo, bar bindigar. Ɗinka hula mai kyau. In malami ne kai mai nuna allo, ƙaramar lesa ja, a kulle a jaka, kada ta kwana a falo.

In kuma kana da ɗan sakandare mai kwance rediyon gida don ya ga abin da ke ciki, ko kana son abin da zai tsai da mai saye a shagonka ya ɗan yi hira, akwatin. Ka saya masa kayan, kada ka saya masa haɗaɗɗe. Ƙanina Pop It uku ya ɗauka, da makunni mai ƙafa shida, jiya ya turo mini bidiyo, yatsan yana fitowa amma yana kuskuren makunnin, babban ɗansa na cewa, "Abba, a ƙara masa tsawo."